AIKI DAGA NESA: GYARAN FAYIL A KAN NA'URA MAI NISA DA MATSE SAƘO DOMIN SAURI, TARE DA MISALI DAGA ƘARAYE DA ROGO



GABATARWA

Hausawa na cewa zuwa da kai ya fi aike. Maganar gaskiya ce, amma aikin hukuma na wannan zamani ya sa ma'aikaci cikin wani hali wanda tilas ya yi aike, domin kuwa littattafan da yake rubutu a cikinsu ba sa kan teburinsa. Rajistar albashi, da ƙididdigar marasa lafiya, da sunayen masu ɗaukar jarrabawa, da sakamakon zaɓe, duk suna zaune ne cikin wasu manyan kwamfutoci a Kano, ko Abuja, ko Legas, ko ma wata ƙasa ta Turai. Irin wannan kwamfuta mai riƙe da bayani domin amfanin sauran na'urori ita ake kira uwar garke. Akawun da ke Ƙaraye ko Rogo yana taɓa ta ne ta hanyar waya, kuma duk wani harafi da ya gyara sai ya yi tafiya ya je ya dawo.

Wannan lacca za ta duba tambayoyi uku. Ta farko, me ke sa aiki daga nesa ya yi nauyi? Ta biyu, ta waɗanne hanyoyi ake gyara fayil alhali yana kan wata na'ura? Ta uku, yaya ake matse saƙo domin ya isa da wuri, kuma yaushe ne matsewar take zama ɓarna? An zaɓi Ƙaraye da Rogo ne domin su zama ma'auni, saboda dabarar da ta yi aiki a Zarewa ko Kurugu za ta yi aiki a ko'ina, amma wadda aka gwada ta a ofishin birni kawai ba ta da shaida tukuna.

ƘASAR DA AKE MAGANA A KANTA

Ƙaraye da Rogo ƙananan hukumomi biyu ne daga cikin 44 na Jihar Kano, suna kudu maso yammacin birni, kuma wakili ɗaya suke aikawa Majalisar Wakilai ta Tarayya. A ƙasar Ƙaraye ne aka datse kogin Challawa, aka gama madatsar a 1992. Ita kuwa Rogo tana can bakin iyaka, inda Jihar Kano ta haɗu da Katsina da Kaduna. A 2019 an ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta, a watan Mayu na 2024 aka soke dokar, sa'an nan a watan Yuli na 2024 aka kafa ta masarauta mai daraja ta biyu wadda ta ƙunshi waɗannan ƙananan hukumomi biyu.

Gudanar da aiki daga nesa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Kano. Kafin zuwan Turawa a 1903 galibin hakimai a birni suke zaune, jakadu ne ke kai umarni ƙauyuka su dawo da haraji da labari. Bayan haka aka fitar da hakimai zuwa gundumominsu, domin an ga cewa saƙo yana raguwa ko ya ƙaru a bakin ɗan aike. Da wayar tangarahu ta zo, sai aka sami wani sabon darasi: kalma kalma ake biya, saboda haka malamin ofis ya koyi zubar da duk kalmar da mai karɓa zai iya cike ta da hankalinsa. Ashe ke nan matsalolin nan biyu, watau amincin ɗan aike da tsadar saƙo, sun girmi kwamfuta nesa ba kusa ba.

A yau misalin da ya fi kusa shi ne na lafiya. Kowane asibitin sha-ka-tafi yana cike takardar taƙaitaccen bayani ta wata-wata, wadda ke nuna yawan haihuwa, da allurar rigakafi, da masu zazzaɓin cizon sauro. Ana tattara waɗannan a hedkwatar ƙaramar hukuma a shigar da su cikin manhajar DHIS2, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke kula da ita, kuma Nijeriya ta ɗauke ta a matsayin rumbun ƙididdigar lafiya na ƙasa. Idan lissafin Fulatan ko Gwangwan bai shiga a kan lokaci ba, mai tsara rabon magani a Kano zai yi aiki da allo mai giɓi, kuma giɓin nan yara ne da mata masu ciki.

ABUBUWA BIYU MASU HANA SAURI

Mutane kan ce sabis ba kyau, su tsaya nan. Amma a ƙarƙashin wannan magana akwai cututtuka biyu dabam dabam, kuma maganin ɗaya ba ya warkar da ɗayar.

Ta farko ita ce ƙuncin hanya, watau yawan bayanin da waya za ta iya ɗauka cikin daƙiƙa ɗaya. Ana auna bayani da bit, kuma bit 8 ne ke yin bayit ɗaya, wanda ya isa ya riƙe harafin boko guda. A ɗauka akwai fayil mai megabayit 12, hanyar kuma tana ɗaukar kilobit 200 a daƙiƙa, kwatankwacin abin da ake samu idan waya ta koma kan tsohon sabis na 2G. Megabayit 12 shi ne kilobit 96,000. In an raba da 200 za a sami daƙiƙa 480, watau minti 8. Bugu da ƙari, a yawancin hanyoyin wayar salula aikawa ta fi saukewa ƙunci, alhali aikin akawun ƙauye aikawa ne.

Ta biyu ita ce jinkirin kai-da-komo, watau lokacin da saƙo ɗan ƙanƙane ke ɗauka ya je ya dawo da amsa. Wannan nisa ne ke haddasa shi, kuma kuɗi ba sa sayen maganinsa gaba ɗaya. Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa cikin wayar gilashi. Daga Kano zuwa Legas akwai kimanin kilomita 1,000, wayar MainOne kuma da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a 2010 tana da tsawon kimanin kilomita 7,000 daga Legas zuwa Fotugal. Zuwa da dawowa kilomita 16,000 ke nan, watau kashi 8 cikin 100 na daƙiƙa, tun kafin a lissafa tsaye-tsayen da saƙon zai yi a hanya. Idan kuwa ta tauraron ɗan Adam irin na da za a bi, wanda ke tsaye a nisan kimanin kilomita 36,000, tambaya da amsarta sai sun hau sun sauka sau huɗu, abin da ya kusa rabin daƙiƙa. Taurarin Starlink, waɗanda suka fara aiki a Nijeriya a watan Janairu na 2023, suna shawagi ne a kimanin kilomita 550, shi ya sa jinkirinsu ya yi ƙasa ƙwarai.

Rabin daƙiƙa ba kome ba ne a ido, amma a ɗauka ana so a aika ƙananan fayiloli 2,000, kuma kowane ɗaya sai an jira amsa ta kashi 3 cikin 10 na daƙiƙa kafin a tura na gaba. Jira kaɗai ya ci daƙiƙa 600, minti 10 cur, ko da fayilolin ba su da nauyin kome. Matsewa tana maganin ƙuncin hanya. Maganin jinkiri kuwa shi ne rage yawan zuwa da dawowa, alal misali a ɗaure fayilolin nan 2,000 su zama ƙunshi ɗaya a tura su tashi guda.

Akwai kuma ta uku wadda ta fi su duka, watau yankewa. A watan Satumba na 2021 an rufe hanyoyin wayar salula a Jihar Zamfara saboda tsaro, aka kuma rufe a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Funtuwa da Bakori da Malumfashi, waɗanda ba su da nisa da ƙasar da ake magana a kanta. Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace daura da gaɓar ƙasar Kodebuwa, intanet da ayyukan bankuna suka yi rauni a Nijeriya da maƙwabtanta. Duk tsarin aikin da aka gina bisa zaton cewa waya ba za ta taɓa yankewa ba, an gina shi ne a kan rairayi.

ƘOFAR SHIGA

Kafin a gyara fayil a kan na'ura mai nisa sai an shiga cikinta. Tun 1969 akwai hanyar Telnet ta ba da umarni daga nesa, a 1971 kuma aka fito da FTP domin ɗaukar fayil. Aibinsu ɗaya ne: suna tura kalmar sirri a buɗe, kamar wasiƙa marar ambulan, duk wanda ke kan hanya zai iya karantawa. A 1995 aka yi irin wannan satar kalmomin sirri a Jami'ar Fasaha ta Helsinki a ƙasar Finlan, sai wani mai bincike a can, Tatu Ylönen, ya rubuta SSH, wadda ke kulle duk abin da ke wucewa tsakanin na'urori biyu. A 1999 masu aikin OpenBSD suka fitar da OpenSSH kyauta, kuma ita ce aka fi amfani da ita a duniya har yau.

A cikin SSH akwai abin da ya fi kalmar sirri ƙarfi, watau makulli mai ɓari biyu. Ɓari ɗaya, wanda kowa zai iya gani, ana ajiye shi a kan uwar garke kamar kwaɗo a jikin ƙofa. Ɗayan yana zama a kwamfutar ma'aikaci, ba ya fita ko'ina. Amfanin wannan ga hukuma a fili yake. Kowane ma'aikaci yana da nasa makulli, ana iya sanin wanda ya shiga da lokacin da ya shiga, kuma ranar da aka yi masa canjin wurin aiki sai a cire kwaɗonsa kawai. Ofishin da mutum biyar ke amfani da kalmar sirri ɗaya, wadda aka rubuta a takarda aka manna a jikin bango, ba shi da wanda zai tuhuma ranar da wani suna ya ƙaru cikin rajistar albashi.

HANYOYI UKU NA GYARAN FAYIL

Hanya ta farko ita ce a shiga uwar garke a yi gyaran a can, da manhajar rubutu irin su vi ko nano. Fayil ba ya motsawa, haruffan da aka buga da canjin da ya bayyana a allo su kaɗai ke tafiya. Ita kanta vi an haife ta ne cikin ƙuncin hanya: Bill Joy ya rubuta ta a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 1976, lokacin da yake aiki daga gida ta waya mai ɗaukar bit 300 kacal a daƙiƙa, shi ya sa umarninta suke gajeru, harafi ɗaya ko biyu. Wannan hanya ba ta cin data, amma jinkiri yana cin ta, domin kowane harafi sai ya je ya dawo kafin mai rubutu ya gan shi. In kuma waya ta yanke, aikin yana iya yankewa tare da ita. Maganin yankewa shi ne a yi aikin cikin tmux ko Screen, waɗanda ke riƙe zaman a can har mutum ya dawo ya tarar da shi inda ya bari. Maganin jinkiri kuma shi ne Mosh, wadda Keith Winstein ya fitar a jami'ar MIT ta Amurka a 2012. Tana nuna harafi nan take ba tare da jiran amsa ba, kuma ba ta damuwa idan waya ta ɗauke ta dawo.

Hanya ta biyu ita ce a bar manhajar rubutu a kwamfutar ma'aikaci, ita ta riƙa ɗauko fayil da kanta ta kuma mayar da shi duk sa'ad da aka ajiye gyara. Emacs tana yin haka ta TRAMP, Vim ma tana da irin nata, SSHFS kuwa tana sa taskar fayiloli mai nisa ta bayyana kamar tana cikin kwamfutar mutum. Rubutu yana gudana ba jinkiri, amma kowace ajiya tafiya ce ta fayil ɗungurungum. Ga ƙaramin fayil wannan daidai ne, ga babba kuwa asara ce.

Hanya ta uku ita ce a sauko da kwafi, a yi aiki a kansa ko da babu sabis, sa'an nan a mayar in hanya ta samu. Ita ce ta fi dacewa da wurin da waya ke zuwa tana ɗaukewa, amma tana ɗauke da haɗari mafi girma. A ɗauka akawu a Rogo ya sauko da rajistar ma'aikata da safe ya gyara matakin albashin malamai 40, wani kuma a Kano ya sauko da ita da hantsi ya cire sunayen mutum 6 da suka yi ritaya. Duk wanda ya mayar da kwafinsa daga ƙarshe ya shafe aikin ɗan'uwansa ba tare da ya sani ba: ko dai malamai 40 su rasa ƙarinsu, ko kuma a ci gaba da biyan mutum 6 da suka bar aiki. Na'ura ba za ta yi gargaɗi ba, domin ta yi abin da aka umarce ta. Manhajoji irin su Git, wadda Linus Torvalds ya rubuta a 2005, an yi su ne domin wannan: suna riƙe tarihin kowane gyara da sunan mai shi, suna haɗa gyare-gyaren da ba su ci karo ba, suna kuma tsayar da mutum a inda aka ci karo.

SIRRIN MATSEWA

Duk wanda ya ga yadda injin gurzar auduga ke danne tulin kaɗa ya zama dami ɗaya mai kusurwa huɗu ya riga ya fahimci rabin maganar. Audugar ba ta ragu ba, iskar da ke tsakaninta ce aka fitar. Iskar da ke cikin fayil ita ce maimaici.

Claude Shannon ne ya kafa harsashin wannan ilmi a 1948, inda ya nuna cewa ana auna bayani ne da gwargwadon abin da mai karɓa bai iya hasashensa ba, kuma akwai iyakar da ba a iya matse saƙo a wuce ta sai an yi hasarar wani abu daga cikinsa. A 1952 David Huffman, yana ɗalibi a MIT, ya gano hanyar ba haruffa lambobi masu tsawo dabam dabam: harafin da ya fi yawan zuwa ya sami gajeriyar lamba, wanda ba ya cika zuwa ya sami doguwa. A rubutun Hausa harafin a ya fi kowane yawa, saboda haka shi zai sami mafi gajarta. A 1977 kuma Abraham Lempel da Jacob Ziv suka kawo dabara ta biyu: idan jerin haruffa ya taɓa wucewa, ba sai an sake rubuta shi ba, sai a ce koma baya kaza ka kwafo kaza.

Ga misali. Kalmomin Ƙaramar Hukumar Karaye, tare da sararin da ke tsakaninsu, gurbi 22 ne, amma bayit 23 suke ci, domin a tsarin UTF-8 haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ bayit biyu biyu suke ɗauka, kamar yadda yawancin haruffan ajami suke yi. Idan waɗannan kalmomi suka zo a layi 3,000 na rajista, bayit 69,000 ke nan. Da dabarar Lempel da Ziv sau ɗaya za a rubuta su, sauran 2,999 kuwa ɗan manuni ne wanda galibi bai wuce bayit uku ba. Haɗa wannan dabara da ta Huffman shi ne tsarin da Phil Katz ya sa cikin fayilolin ZIP, kuma shi ne cikin gzip, wadda Jean-loup Gailly da Mark Adler suka fitar a 1992. Rubutu na yau da kullum yakan koma kimanin kashi ɗaya cikin uku ko cikin huɗu, rajista mai yawan maimaici kuwa takan fi haka raguwa. Fayil ɗin nan mai megabayit 12, in ya koma 3, zai isa cikin minti 2 maimakon 8, ya kuma ci rubu'in data. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ofishin da ma'aikaci ke sayen data daga aljihunsa, musamman tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince a watan Janairu na 2025 a ƙara kuɗin kira da na data har zuwa kashi 50 cikin 100.

SSH tana iya yin wannan matsewa da kanta yayin tafiya, in an ƙara mata babban harafin C cikin umarni. A kan ƙuntatacciyar hanya riba ce, amma tsakanin na'urori biyu da ke ɗaki ɗaya a kan hanya mai faɗi lokacin matsewa yana iya fin lokacin da aka tsimin. Sababbin manhajoji irin su Zstandard, wadda Yann Collet ya fitar a kamfanin Facebook a 2016, sun rage wannan nauyi ƙwarai.

AIKA BAMBANCI KAWAI

Akwai abin da ya fi matsewa riba, shi ne kada a aika abin da mai karɓa ya riga ya mallaka. A 1996 Andrew Tridgell da Paul Mackerras suka fitar da rsync a Jami'ar Ƙasa ta Ostareliya. Na'urar da ke riƙe da tsohon kwafi tana yanka shi gunduwa gunduwa, ta lissafa wa kowace gunduwa gajeriyar lamba mai zama kamar tambarin yatsa, ta aika lambobin kaɗai. Na'urar da ke da sabon kwafi sai ta bi fayil ɗinta bayit bayit tana neman inda tambarin ya dace. Duk inda ya dace sai ta ce ai kana da wannan, inda bai dace ba kuwa shi kaɗai za ta tura. Akawun da ya gyara layi 40 cikin 3,000 zai aika gunduwoyin da gyaran ya taɓa ne kurum. Da ƙaramin harafin z rsync tana matse abin da ya rage, kuma ana iya umartarta ta riƙe rabin fayil idan waya ta yanke, ta ci gaba daga nan. Sai dai tana da umarnin da ke goge duk abin da ke can wanda babu shi a nan, kuma wanda ya juya suna biyu cikin gaggawa zai iya shafe aikin shekara. Tana da hanyar gwaji wadda ke nuna abin da za ta yi ba tare da ta yi ba, kuma mai hankali da ita yake farawa.

INDA MATSEWA KE ZAMA ƁARNA

Da farko, abin da aka riga aka matse ba ya sake matsuwa. Hotuna, da bidiyo, da muryoyi, da fayilolin Word da Excel na zamani, duk a matse suke tun asali. Haka kuma saƙon da aka kulle ba shi da maimaicin da za a gani, saboda haka ƙa'ida ita ce a matse tukuna sa'an nan a kulle.

Na biyu, matsewa iri biyu ce. Akwai irin ta damin auduga, wadda in an kwance kome yana nan. Akwai kuma irin ta tankaɗe, wadda ke zubar da abin da aka ɗauka dusa ce, kuma ba ya dawowa. Tsarin hoto na JPEG, wanda aka tabbatar a 1992, na biyun ne. Ga hoton biki babu laifi, amma ga takardar lissafi dusar da aka zubar tana iya zama wutsiyar da ta raba 3 da 8. A 2013 wani masanin kwamfuta Bajamushe, David Kriesel, ya gano cewa wasu injinan kwafin takardu na Xerox suna musanya lambobi, 6 ta koma 8, saboda tsarin matsewar da ke cikinsu yana ɗaukar alamomi masu kama da juna a matsayin abu ɗaya. Kwafin yana fita tsaf, babu alamar kuskure, kuma kamfanin ya amsa matsalar ya fitar da gyara. Ma'aikatan da ke tura hoton takardar hukuma ta WhatsApp su lura cewa manhajar tana rage hoto, sai fa in an tura shi a matsayin fayil.

DARASIN ZAƁEN 2023

Babban gwajin aikawa daga nesa da Nijeriya ta yi shi ne na ranar 25 ga Fabrairu 2023. Hukumar Zaɓe ta tsara cewa a kowace rumfa daga cikin fiye da 176,000 na ƙasa, har da na Yammedi da Beli da Zoza, jami'i zai ɗauki hoton takardar sakamako da na'urar BVAS ya tura shi zuwa shafin IReV, wanda aka fara gwadawa a 2020. An yi tanadin rashin sabis, domin na'urar tana iya riƙe hoto har ta sami hanya. Amma a ranar, sakamakon 'yan majalisa ya riƙa shiga, na shugaban ƙasa kuwa ya tsaya na tsawon sa'o'i. A rahotonta na bayan zaɓe hukumar ta ce tangarɗa ce a yadda aka tsara uwar garke wajen karɓar sakamakon shugaban ƙasa. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Oktoba na 2023 cewa wannan bai soke zaɓen ba, amma zargin da jinkirin ya haifar bai kwanta da hukuncin ba. Darasin shi ne, sarƙa tana da gaba biyu, kuma ba kullum ne laifin ke wajen ƙauye ba. Wanda ya inganta hanya ya manta da ƙofar da saƙo zai shiga bai gama aikinsa ba.

KAMMALAWA

Daga abin da ya gabata ana iya fitar da ƙa'idoji kaɗan. A tantance cutar tukuna, ko ƙunci ne, ko jinkiri, ko yankewa. A ajiye lissafi a matsayin rubutu da lambobi, domin shafi ɗaya na hoto yana iya fin shafi ɗari na rubutu nauyi. A ɗaure ƙananan fayiloli wuri ɗaya, a matse su, a aika bambanci kawai in da hali. Kada a taɓa fayil sai an ajiye kwafinsa na jiya. Kowane ma'aikaci ya riƙe makullinsa shi kaɗai, tun da Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe da bayanan jama'a alhakin tsare su.

Ga manyan ma'aikata masu sayo manhajoji, sharaɗi ɗaya ya kamata ya shiga kowace kwangila: a kai manhajar Rogo a gwada ta da wayar ma'aikacin wurin kafin a biya kuɗinta. Ga ɗalibai kuwa, yawancin kayan aikin da aka ambata kyauta ne, rubutunsu a buɗe yake ga mai son karantawa, kuma da dama daga cikinsu ɗalibai da matasan masu bincike ne suka ƙirƙire su saboda hanyar da ke gabansu ta yi musu ƙunci. Ƙuncin hanyar Ƙaraye da Rogo ma fage ne na bincike, kuma waɗanda suka tashi a cikinsa su suka fi kowa sanin inda yake ciwo.